A buɗe ƙofar gyara fayil ɗin tsofaffin sojojin da suka ji rauni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari. Don Allah ka sam min ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, don ban cika jin ana taɓo shi ba ko a jarida ko a rediyo. Duk shekara in 15 ga Janairu ta zagayo ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni a saki fararen tattabaru, sai maganar fansho da garatuti ta taso, kuma ya kamata ta taso ɗin. Amma akwai wata matsalar da ke kwance a ƙarƙashin wannan, ita ce ta sojan da ya je filin daga ya zubar da jininsa ya dawo da rauni, amma in ka buɗe takardarsa ta sallama ba raunin, ba lambar yabon da ya cancanta. A jikinsa akwai, a fayil babu. In kuma ya ce bari ya bi a gyara masa, wallahi bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Mutane da yawa za su ɗauka ai wanda ya ji ciwo shi ne farkon wanda za a tuna da shi wajen rabon lamba. Toh ba haka abin yake tafiya ba, sau da yawa ma sunansa ne ke fara faɗuwa, kuma ba sai da mugunta ba, tsarin ne ya zo da haka. Ita lambar zuwa wani aiki, kaman na kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, yawanci sai bataliya ta kusa gama wa'adinta ake haɗa sunaye a yi fareti a maƙala wa kowa a ƙirji. Wanda ya gama lafiya lau yana cikin sahu ranar, an kira sunansa ya amsa. Shi kuwa wanda harsashi ko ɓarɓashin bam ya samu tun tsakiyar aiki an riga an kwashe shi zuwa asibiti, wataƙila ma an sa shi a jirgi an dawo da shi gida, an cire sunansa daga lissafin mutanen da ke wajen an mayar da shi lissafin majinyata. Su kuma asibiti magani ne aikinsu ba rabon lamba ba. In ya warke sai a tura shi wata bataliyar dabam inda ba wanda ya san abin da ya same shi, kwamandan da ya gani da idonsa an canza masa wajen aiki, akawun da ya kamata ya buga maganar a fat-tu-oda, wato takardar da ake shigar da duk abin da ya samu soja na ƙarin girma ko horo ko jinya, shi ma a lokacin yana cikin ruwan wuta yana ta kansa. Shikenan magana ta bi ruwa. Ga kuma matsalar sunayenmu, mutum ɗaya a wata takarda Muhammadu, a wata Mohammed, a wata Mamman, ko a juya harafi ɗaya a nambarsa ta soja, sai ka ga fayil ɗaya ya rabu biyu kowanne da rabin labari.

Ba a littafi na karanta wannan ba, a gidanmu nake gani. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin sojojin Najeriya da suka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Yaran yanzu da yawa ko labarin wannan yaƙin ba su sani ba. Tun watan Agustan 1990 rundunar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, babban birnin Laberiya, kuma kowa ya san Najeriya ce ta ɗauki mafi nauyin kayan, ta wajen sojoji da ta wajen kuɗi duka, daga baya kuma aka zarce Saliyo aka kori sojojin da suka yi juyin mulki aka maido da shugaban ƙasar Ahmad Tejan Kabbah a 1998. A watan Oktoban 1992 ne mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa Monrobiya ta kowane ɓangare suna neman ƙwace ta, a cikin wannan gumurzun ɓarɓashin bam ya shige wa Kawu cinya da ƙugu. Abokansa ne suka jawo shi, aka tsayar da jinin a can, daga baya aka dawo da shi gida ya yi doguwar jinya, ya tashi da ɗingishi ya koma bakin aiki har ya yi ritaya yana saje.

Har yau akwai ɗan guntun ƙarfe a jikinsa, likita ya ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Hoton ƙashin yana nan cikin akwatin ƙarfensa na soja a ƙarƙashin gado, an naɗe shi a leda tare da sauran takardu, in ka ɗaga shi a hasken taga za ka ga abin fari tas a gefen ƙashi. In hunturu ya shigo baya iya barci. Sallah kuwa a kan kujera yake yinta a ƙarshen sahu shekara da shekaru don ƙafar bata lanƙwasuwa. Amma takardar sallamarsa ko kalma ɗaya bata faɗa ba a kan rauni, lambar ECOMOG ma bata cikin abin da aka lissafa masa. Ranar taron 'yan mazan jiya zai sa a goge masa kaya ya kafa hula ya tafi, waɗanda suka tafi Laberiya tare kowa da tasa lambar a ƙirji, shi da aka kwaso a kwance shi ne ba shi da ita. Ya taɓa ce min, ɗana, ni fa ba ƙarfen nake kwaɗayi ba, ko a kasuwar mami ana samun irinsa, in na saya na maƙala wa zai hana ni? So nake a rubuta a fayil ɗina, don in na mutu jikokina su san ba daga kan babur na faɗo ba.

Mun bi, ni nake raka shi tunda hawa mota shi kaɗai yana masa wuya. Ba zan kira sunan wani ofishi ko wani mutum ba, don tsakani da Allah yawancin waɗanda muka tarar sun karɓe mu da mutunci, wasu matasan sojojin har ƙamewa suke su sara masa su ba shi kujera. Matsalar ita ce ba wanda aka ɗora wa wannan aikin a cikinsu. Nan a ce sai tsohuwar bataliyarsa ta rubuto, can a ce takardun wancan lokacin ba sa hannunmu, wani ya ce a kawo katin wajen da aka fara duba shi, wajen da aka kafa a ƙasar wasu ana ruwan harsashi shekara sama da 30 da suka wuce, don Allah wa ya tsaya karɓar kati a wannan halin? Akwai abokansa biyu da suka ɗauke shi da hannunsu ranar, ɗaya Allah ya masa rasuwa, ɗayan yana raye ya tsufa kuma ya ce ko a gaban wa a shirye yake ya rantse, amma ba mu samu teburin da ke karɓar irin wannan shaidar ba.

Na san akwai masu cewa haba, mutane na fama da abin da za su ci kai kana maganar lamba, lamba abinci ce? Ina jin wannan maganar sosai, har a cikin danginmu. Amsata ita ce lambar da fayil ɗin abu ɗaya ne. Duk ranar da tsohon soja ya nemi a duba shi a matsayin wanda ya nakasa a bakin aiki, ko ya nemi wani taimako na jinya, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina aka rubuta cewa a wajen aiki ka samu wannan ciwon. In ba a rubuta ba toh shi da wanda ya zame a banɗaki duk ɗaya ne a idon takarda. In ya rasu kuma matarsa da 'ya'yansa da wannan takardar za su yi ta yawo. Kuma ko da a ce ba sisin kwabo a ciki, mutumin da ya ba ƙasa ƙafarsa yana da haƙƙin ƙasar ta amsa cewa eh, ta karɓa. Wannan ba alfarma ba ce, bashi ne.

Mun riga mun yi irin wannan asarar sau ɗaya fa. Kakanninmu sun je yaƙin Bama, Bama ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar ba ta Borno ba, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a yaƙin duniya na biyu, da yawansu daga nan Arewa, har Hausa ce yaren da ake magana da shi a cikin sojan. Yau in ka zo Kaduna ga barikin Dalet ga Kalapanzin, a Zariya ga Chindit, a Legas ga Dodan, duk daga wancan yaƙin sunayen suka samo asali. Sunan wuraren ya tsaya, mutanen kuwa fa? In ka cire irin su Samanja Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lokoja sunansa, wanda an san lambobinsa saboda an rubuta an adana, sauran gida nawa ne yau za su iya nuna maka abin da kakansu ya yi ko inda ya ji ciwo? Sun tafi da labarinsu. Yanzu waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 duk wanda ya rage a cikinsu ya haura 70, 'yan Laberiya da Saliyo su ma furfura ta cika musu kai, kullum sai ka ji an ce wane ya rasu, kuma duk wanda ya rasu ba shi kaɗai ya tafi ba, ya tafi da shaidar da zai iya ba wa wani.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne da na ga yadda wasu suka warware wannan matsalar tun tuni. A Amurka su ma ana mantawa da lambobin mutane, ana kuskure a takardar sallama da suke kira DD-214, ba wai su mala'iku ba ne. Bambancin shi ne tun 1946 majalisarsu ta yi doka aka kafa kwamitin gyara bayanan soja, sojan ƙasa da nasu, na ruwa da nasu, na sama da nasu, kuma fararen hula ne ke zama a kai. Akwai fom guda ɗaya sananne, DD 149, kyauta ne ba a biyan ko sisi, tsohon soja ya cike ya faɗi kuskuren da yake so a gyara ya haɗa da duk abin da yake da shi, takardun asibiti, wasiƙu, rubutacciyar shaidar abokan da suka gani. In ya rasu matarsa ko magajinsa za su iya nema a madadinsa. Doka ta ce a kawo ƙorafi cikin shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, amma ta bar wa kwamitin dama ya yafe wannan wa'adin in adalci ya buƙaci haka, shi ya sa za ka ga tsoho tukuf na yaƙin Koriya ko Biyetnam ana maƙala masa lambarsa a gaban jikoki. Lambar da suke ba wanda maƙiyi ya raunata, Purple Heart, ba ado ba ce kawai, mai ita ana sa shi gaba wajen samun kulawa a asibitocin tsofaffin sojoji.

Kuma kar wani ya ce ai su takardunsu ba sa ɓata. A watan Yulin 1973 gobara ta tashi a babbar ma'ajiyar fayil ɗin sojojinsu da ke St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ba kwafi ba komai. Ba su ce shikenan kowa ya haƙura ba, sai suka koma suna haɗo labarin mutum daga takardun biyan albashi da rajistar asibitoci da rahoton da kowane kamfanin soja ke rubutawa kullum safe. Akwai wani baƙar fata Henry Johnson da ya yi artabu da Jamusawa a Faransa a watan Mayun 1918, ya sha raunuka ya hana a tafi da abokinsa, Faransa ta ba shi lambarta ta jarumta tun a lokacin amma ƙasarsa ta yi shiru har ya rasu a 1929. Sai a 1996 aka ba shi Purple Heart, a 2015 kuma Barack Obama ya ba shi lambar jarumta mafi girma ta ƙasar. An makara ƙwarai, shi bai gani ba, kuma wariyar launin fata ce ta jawo, wannan abin kunya ne a kansu. Amma mutanen da suka yi ta bin maganarsa sun samu inda za su kai ta, mu inda za mu kai ɗin ne muke nema.

Ban ce ba a yin komai a nan ba. A zamanin da Janar Tukur Buratai ke shugabantar sojan ƙasa mun ga ana maƙala wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Arewa maso Gabas lambar Purple Heart ta sojan Najeriya, har a gadon asibiti, kuma wannan abu ne mai kyau, Allah ya saka wa duk wanda ya kawo shawarar. Sai dai yaƙin nan tun 2009 ake yinsa, ga na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, yara nawa ne nakiya ta tashi da motarsu aka kwashe su cikin dare aka wuce da su daga wannan asibiti zuwa wancan? Ba yadda za a yi a ce ba wanda sunansa ya faɗi a hanya. Abin da ya samu 'yan Laberiya shi zai same su nan da shekara 20 in ba a gyara tun yanzu da shaidu ke raye kuma takardu ba su ruɓe ba.

Don haka roƙona ga Ma'aikatar Tsaro da Hedikwatar Tsaro da kwamitocin majalisa da ke kula da harkar soja, a kafa kwamiti guda na dindindin wanda aikinsa kenan, gyara bayanan soja bayan ya bar aiki. A sa tsofaffin hafsoshi da likitan soja da lauya da wakilin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon, a fitar da fom ɗaya da kowa ya sani, a ajiye shi a ofisoshin Lijiyon na jihohi don kar tsoho mai sanda ya ce sai ya je Abuja, a yi sanarwa a rediyo da Hausa da sauran harsuna don mafi yawan mutanen nan suna ƙauye ba sa karanta sanarwar intanet. A yanka wa'adin da za a ba mutum amsa, in an ƙi kuma a faɗa masa dalili a rubuce ya san matsayinsa, don wallahi gara a ce maka a'a da a bar ka kana ta sintiri. Babban abin shi ne a yarda da shaidar da ba takardar ofis ba, rantsuwar abokan aiki da aka tabbatar suna bataliya ɗaya a lokacin, da binciken likita, don likitan soja da ya san aikinsa in ya ga tabo da hoton ƙashi zai gane na bam da na haɗarin mota.

Na san za a ce in an buɗe wannan ƙofar 'yan damfara za su cika ta, kowa ya zo ya ce shi ma ya yi yaƙi. Wannan tsoron gaskiya ne, mun sha jin labarin sunayen bogi a harkar fansho. Toh ai shi ya sa ake kwamiti, a bincika, wanda aka kama da ƙarya a hukunta shi hukunci mai tsanani shi da masu yi masa shaidar zur, su kansu tsofaffin sojojin sun fi kowa tsanar mai sa lambar da ba tasa ba kuma tambaya biyu za su yi masa su gano shi, wace bataliya, wa ye kwamandanku, a ina kuka sauka. Amma ba daidai ba ne saboda tsoron maƙaryaci a rufe wa mai gaskiya ƙofa. Kuma tunda dama ana kiransu tantancewa don fansho, me zai hana a wannan zaman a ƙara tambaya ɗaya, Baba, akwai rauni ko lamba da ba a sa maka a takarda ba? Ko wannan kaɗai aka yi za a san yawan masu matsalar.

Ku kuma 'yan uwana da ke da tsohon soja a gida, ko ɗa ko miji da ke bakin daga yanzu, don Allah kar ku jira gwamnati kafin ku fara naku. Ku buɗe akwatin nan ku karanta takardar sallamar da kyau, ku duba sunansa da nambarsa da wuraren da ya yi aiki da lambobin da aka lissafa. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya ku yi fotokwafi ku ajiye a gida biyu, gara da ruwan sama ba sa tausayin takarda. Ku zaunar da shi ku naɗi muryarsa ya faɗi bataliyarsa da garin da abin ya faru da waɗanda ke wajen, in akwai abokinsa da ke raye a je a same shi ya rubuta abin da ya gani a kai kotu ya yi rantsuwa a buga hatimi. Wanda kuma ke kwance a asibiti yanzu, duk wata takarda da aka ba shi ko ta magani ce kar a yar, kuma in ya samu sauƙi ya tambaya a bataliyarsa ko an buga raunin nasa, tun kwamandansa bai tashi daga wajen ba.

Malam Edita, kai ma ina roƙonka ka tura wakilanka ofisoshin Lijiyon na Kaduna da Kano da Jos da Maiduguri ba sai watan Janairu ba, su zauna da dattawan nan su ce kowa ya zo da takardar sallamarsa a gwada abin da ke rubuce da abin da ke jikinsa, a buga abin da aka gani, sannan a kai wa masu magana da yawun soja su ba da amsa a kan inda mutum zai kai irin wannan ƙorafin.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Wani ɗan bariki daga Kaduna